Ƙeyar Zakari

Duk baƙon da ya zo Madarumfa yana tambayar gidan Ilyasu Mai Kamera, ni ba na nuna masa. Sai in ce ya ƙara gaba ya tambaya. Gidan kuwa ga shi nan jikin namu, katanga ɗaya ta raba mu, ko tari matarsa ta yi muna ji. Baƙin nan sukan zo daga Maraɗi da Yamai da ƴan jakunkunansu, wai sun zo ganin mutumin da ya tsaya wa ƴancin talaka. To, ni Hajara mai bandar kifi a bakin tabki, ni ma ina da abin da na sani game da shi, amma ba wanda ya taɓa zuwa da jaka ya tambaye ni.

Na girme shi da shekara shida, na san shi tun yana yawo ba wando. Ubansa Ɗan Baba tela ne, maƙwabcin babanmu. Ilyasu sa'an ƙanena Zakari ne, tare aka yi musu kaciya, tare suka yi jinya a zaure ɗaya. Da aka zo ɗibar yara lakkwal, wato makarantar boko, babanmu ya ɓoye Zakari a cikin rumbu, Ɗan Baba kuwa ya miƙa nasa. Daga nan hanya ta rabu. Zakari ya bi babanmu ruwa, ya koyi jefa birgi da ɗinkin koma. Ilyasu ya yi Maraɗi, daga can ya yi Yamai, inda aka ce yana ɗaukar wa wasu Turawa masu shirya fim wayoyi da ƙafafun kamera.

Ya dawo mana a 1991, shekarar babban taron ƙasa, lokacin da kowa ya samu baki, har wanda bai taɓa yi wa akuya tsawa ba yana zagin gwamnati a gindin rediyo. Ya sauka daga mota da wata tsohuwar kamera mai girman ɗan rago, ƙofar kaset ɗinta a ɗaure da roba. A aljihunsa kuma, bayan shekara guda, aka fara ganin wani ɗan littafi na dokokin ƙasa, wanda ya sha hannu har bangonsa ya fita.

Zan faɗi yadda yake yini, don na gani da idona shekara da shekaru. Da an idar da sallar asuba zai fito tsakar gida ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance kamerar nan yana goge ta da auduga, yana hura mata iska da baki. Matarsa Fiddausi ta kawo kunu ya huce, ta mayar, ta sake kawowa. Hantsi na yi sai ya ɗaure kayan a bayan wata ƴar moto mai ƙafa biyu da sai an tura take tashi, ya nufi duk inda ake biki ko suna, Gabi, Sarkin Yamma, har ƙauyukan bakin iyaka. Da wannan yake ci. Ranar da ba biki, sai ya bi gari yana ɗaukar abin da ba wanda ya aike shi: mata a layin rijiya, tsofaffin da suka yi sati suna zarya neman takardar shaida, masu garka suna ban ruwa. Sau ɗaya a wata yakan tafi Maraɗi wurin wani mai maneto biyu, na'urar da ake sa kaset ɗin bidiyo, su yini suna yanka suna haɗawa. In ya dawo sai ya kai gidan bidiyon Alhassan, wani zaure da aka toshe tagoginsa da buhu, a nuna bayan la'asar, shiga dala biyar. Mutane sukan shiga ne don su ga kansu a tele, shi kuma yana zaton darasinsa suka zo ɗauka.

Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba, ban kuma taɓa kama shi da ƙarya ba. Da yana da ɗaya daga cikin waɗannan, da na fi samun sauƙin ƙinsa. Cutarsa ɗaya ce: in ya yarda abu gaskiya ne, to ko kan wa zai faɗa, sai ya yi. Da yamma zai zauna a gindin gawon bakin tabki inda masunta ke gyaran taru, ya zaro littafin nan, ya karanta da Faransanci, ya juya da Hausa. Ba a tsare mutum ba dalili. Ba a dukan wanda aka tsare. Kowa na da ikon ya faɗi ra'ayinsa. Masunta na ta ɗinki suna cewa to, to, kamar yadda ake yi wa mai tallan maganin basir. A nan ya koya musu tambayarsa, wai duk mai kakin da ya tare ka, ka dube shi ka ce, da wace doka? Kowa ya yi dariya ya manta, sai mutum ɗaya.

Zakari ba shi da surutu. In ka ji maganarsa sau uku a yini, to ranar an yi hira. Bai son taro, bai zuwa biki sai dai ya aika da kifi. Abu biyu aka san shi da su, ruwa da masallaci. Tun yana saurayi ba a taɓa tayar da sallah ba shi a sahun gaba ba, daidai bayan liman ta hannun dama. Irin waɗannan masu shirun, in magana ta shige su ba ta fita.

A 1996, bayan sojoji sun komo kan mulki, bakunan da suka buɗe suka fara rufewa. A kan hanyar Maraɗi wasu masu kaki suka kafa shinge, igiya ce kawai da ganga biyu. Ba zan faɗi ko na wane ofis ne ba, ina da ƴaƴa. Babbansu wani dogo ne mai baƙin gilashi. Duk mai kifin da zai wuce sai ya sauke kwando sun zaɓi manya, kowa kuma ya saba, akan ma ɗora nasu a sama don kada su yamutsa na ƙasa. Wata ranar kasuwa Zakari ya ɗauko tarwaɗar da na kwana biyu ina bandarta. Dogon ya sa hannu ya ɗebi huɗu. Zakari ya dube shi ya ce, “Da wace doka?”

Aka sauke shi daga mota, aka tasa ƙeyarsa a ƙasa har wani ɗaki da ke bayan shingen. Kwana huɗu ya yi a ciki, ba takarda, ba alƙali. Muna ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, kowa ya ce bai san da shi ba. Ran na biyar ya shigo gida yana jan ƙafa, bayansa duk shatar bulala. Innarmu ta gasa masa jiki da ruwan zafi tana kuka. Sai da ya kwana biyu sannan ya gaya mini abin da dogon ya ce da zai sake shi: in labarin ɗakin nan ya fita, zai dawo da shi, kuma wannan karon ba kwana za a ƙirga ba.

Tun ciwon bai warke ba Ilyasu ya fara sintiri a gidanmu. Na san abin da ke kawo shi, don haka na tare shi a zaure.

“Ilu, mi kake nema wurin yaron nan?”

“Yaya Hajara, abin da anka yi mai zalunci ne. In bai hwaɗi ba, gobe wani za a yi ma.”

“To wani shi hwaɗi. Kai ka koya mai tambayar da ta ja mai wanga bala'i, bai ishe ka ba?”

“Ba wanda za shi gane shi, wallahi. Ba ni ɗaukar huskarshi, ba ni kiran sunanshi. Ta baya zan ɗauke shi. Haka ake yi ko'ina cikin duniya, na gani da idona a Yamai.”

Na wanke shi tas, na ce in ya sake taka zauren nan da kamera sai na jefa ta a tabki. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Bai sake zuwa gidan ba, sai ya bi Zakari ruwa, inda ba ni da iko. Abin da ya gaya masa a can ban sani ba. Na dai san Zakari ya yi sati bai iya barci don baƙin ciki, kuma mutumin da aka wulaƙanta yana son ko da mutum ɗaya ya saurare shi. Wata safiya suka tsallaka can gefen da ba kowa, Ilyasu ya zaunar da shi a kan kututture yana fuskantar ruwa, ya tsaya a bayansa ya ɗauka. Ban ji labari ba sai ranar da za a nuna.

Ranar ina ƙofar gidan bidiyon Alhassan da tiren soyayyen kifi, kamar kullum. Zauren ya cika, don an baza cewa yau akwai sabon abu. Na ji an tayar da injin wuta, na ji muryar Ilyasu yana bayani, wai mutumin da za ku gani an ɓoye shi saboda tsaron lafiyarsa, kada kowa ya nemi sanin ko wane ne. Aka yi tsit. Ko numfashi uku ba a yi ba, tun mai maganar bai buɗe baki ba, sai na ji zauren gaba ɗaya ya ɗauka:

“Zakari! Wallahi Zakari ne!”

Har da dariya da tafi. Ba mugunta ba ce, murna suke yi sun gane nasu. Ni kuwa tiren hannuna sai da na ajiye shi ƙasa.

Yanzu ku dubi wannan wauta, ta mutumin da ya yi lakkwal har Yamai. A can inda ya koyo aikin, mutane ba su san juna ba, in ka rufe fuska ka rufe mutum. A nan kuwa Zakari ya yi shekara ashirin a sahun gaba. Duk namijin da ke garin nan sau biyar a yini yake tsayawa yana kallon ƙeyar nan, da tsagar ƙaho uku da wanzami ya yi masa yana yaro, da kunnen hagu da ya ɗan karkace. Akwai waɗanda in ka ce su siffanta hancin Zakari sai sun yi tunani, amma ƙeyarsa ko a mafarki. Shi kansa Ilyasu a bayan wannan ƙeya yake sallah, in ya samu zuwa. Su kuma masu kakin da suka tasa shi gaba daga titi har ɗakin nan, me suke kallo duk tsawon tafiyar? Da ma fuskar ya ɗauka ya rufe ƙeyar, da wataƙila an ɗan yi gardama.

Ban jira an tashi ba. Na kutsa cikin zauren, ni da ban taɓa shiga ba, na iske Ilyasu tsaye jikin tele ya yi zuru-zuru. Ya sha jinin jikinsa, amma bai kashe ba.

“Kashe abin nan, Ilu. Ba ni kaset ɗin.”

“Yaya, an riga an gani. Ko na kashe, an gani.”

“Ba ni shi in ƙone. In an tambaya mu ce ƙarya ce, ba a yi ba.”

“Ba ni cewa ƙarya ce, tunda an yi.” Ya sunkuyar da kai. “Kuma na aika da guda Yamai tun shekaranjiya.”

Tun shekaranjiya. Bai nuna wa Zakari ba, bai nuna wa ko mutum ɗaya na garin nan ba ya tambaye shi, ka gane wannan? Da ya nuna wa Fiddausi ma, da ta gaya masa. Mai littafin ƴanci, wanda ya ce kowa na da ikon a ji ra'ayinsa, bai ga wanda ya isa ya nemi ra'ayinsa ba a duk Madarumfa. Na zage shi a gaban mutane, zagin da ban taɓa yi wa ɗan maƙwabta ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Kafin magariba labari ya gama gari, kuma duk mun san zai kai shinge kafin gari ya waye, don direbobi ba sa riƙe magana. Zakari ya je masallaci ya yi sallarsa a inda ya saba. Da asuba ya naɗe birginsa, ya durƙusa gaban Inna ta dafa kansa, ya shiga motar wake mai tafiya Najeriya. Matarsa Jamila tana da goyo a lokacin. Da zai fita na riƙe hannunsa na ce ya ga abin da abokinsa ya ja masa. Sai ya ce mini, “Yaya, ni na zauna, ba ɗaure ni ya yi ba.” Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai, don ko haushin ma ya bar ni in ji ni kaɗai.

Kwana biyu bayan haka masu kakin suka zo. Da ba su iske Zakari ba sai suka shiga gidan Ilyasu, suka kwashe kamera da duk kaset ɗin da ya tara a shekara biyar, na biki da na suna da na rijiya, suka tafi da shi. Ya yi kwana goma sha biyu. Ya fito da hannun dama a kumbure, har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa. Ba zan ɓoye wannan ba, an dake shi, kuma an ce bai faɗi inda Zakari ya nufa ba. Amma shi ya fito ya kwana a ɗakinsa, ya sha kunun matarsa.

Kaset ɗin Yamai kuwa ya yi tafiya. Wata ƙungiya ta masu kare haƙƙin jama'a ta nuna shi, wata jarida ta rubuta, bayan wata uku aka wayi gari ba igiya ba ganga a kan hanya. Direbobi suka riƙa yi wa Ilyasu oda in sun wuce ƙofar gidansa. Masu kifi suka daina ɗora manya a sama. Ni ma kifina yana isa Maraɗi cif, ba zan ce ban ji daɗin wannan ba. Wasu suka haɗa wa Ilyasu wata kamerar, ya koma gogewa da hurawa da asuba, ya koma gindin gawo da littafinsa, yanzu har ana matsa masa wuri a tabarma. Sai dai dogon nan ba a kore shi ba, gaba kaɗan aka matsar da shi, kuma ya aiko a gaya mana cewa shi bai manta da mai tsaga uku ba.

Don haka Zakari bai dawo ba. Ya ɗan zauna a Jibiya, ya ga ta yi kusa da yawa, ya bi wasu masunta har Tabkin Cadi. Saƙonsa kan zo sau biyu a shekara ta bakin direbobi, yana lafiya, a gaida Inna. Iyayen Jamila suka zo suka tafi da ita Sarkin Yamma da yaran. Wani ya gaji wurinsa a sahun gaba. A jaridar da aka ce ta rubuta labarin, sunan Ilyasu ya fito sau bakwai, ƙanena kuwa an kira shi “wani masunci”. Na daina gaisawa da Ilyasu. In mun haɗu a lungu yakan rage tsawo ya ce, “Yaya, ina kwana,” ni kuma in dubi katanga.

Da daminar 1998 Inna ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, abinci ya daina zama. Muka ba wani direba saƙo ya kai Cadi, muka zauna jira. Ba ta kiran sunan kowa sai Zakari. Kullum maganarta ɗaya, tana so ta ga fuskarsa ko sau ɗaya. Ba mu da hotonsa ko guda, don bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, takardar shaidarsa kuma ya tafi da ita. Ta katanga Fiddausi ta ji, ta gaya wa mijinta.

Wata ranar Alhamis da hantsi sai ga sallama. Ilyasu ne da amalanke, ya ɗoro tele da maneto da batirin mota. Ashe ya je Yamai takanas ya karɓo kaset ɗin nan, shi kaɗai ya rage a duniya mai Zakari a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ya juya da tarkacensa tun ban tara masa jama'a ba. Daga cikin ɗaki Inna ta ji muryarsa.

“Hajara, wane ne? Ilu ne? Bar shi shi shigo.”

Na kauce, ba don shi ba. Ya jona wayoyinsa da hannun nan mai yatsu biyu a sandare, muka tayar da Inna muka jingina ta da bango. Hoto ya fito: ruwa, kututture, da bayan mutum. Inna ta miƙa hannu tana murmushi, rabon da in ga haƙoranta tun kafin ta kwanta.

“Ga shi nan. Ga ɗana. Ya rame.”

Muryarsa ta fara fita, yana ba da labarin ɗakin nan a hankali, yadda yake magana. Inna ba labarin take saurare ba. Ta ɗan jira, ta gyara zama, ta ce, “Zakari, juyo in gan ka.” Ya ci gaba da magana da ruwa. Ta sake cewa, da ɗan ƙarfi. Sannan ta dubi Ilyasu da ke tsugune gefen tele.

“Ilu, ce mai shi juyo.”

“Inna, ba shi juyowa.”

“Don mi?”

Ya juyo ya dube ni. Ni kuma na ƙi taimakonsa, na tsaya na zuba masa ido, ina so in ji da bakinsa.

“Ni na ce mai kar shi juyo, Inna.”

Minti ashirin da uku ne fim ɗin. Ta kalle shi har ƙarshe ba ta ƙifta ido ba, tana jira. Da hoton ya ɗauke, tele ta koma shuɗiya, sai ta ce, “Mai da shi hwarko, Ilu. Wataƙila wanga karon shi juyo.”

Ya mayar. Sau huɗu ya mayar a yinin nan, hawaye na bin gemunsa, har batirin ya mutu. Inna ta rasu ranar Larabar da ta biyo, saƙonmu kuwa bai iske Zakari ba sai bayan an yi sadakar arba'in.